Ya ake tsinto kwat da takalmi na manya cikin gwanjo?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗan nan Sakkwato ne, na ƙare karatu a Danfodiyo kuma Allah ya sa na samu aikin banki, to an ce sai da kwat da taye. Sabuwa mai kyau ta fi ƙarfina, mai arha da na saya wata biyu ƙirjinta duk ya kumbure. Wai da gaske ana samun na manyan kamfunna cikin gwanjo? Kuma ya zan gane su?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sanya albarka ga aikin. Da gaske ne wallahi, na daɗe ina gyaran kwat kuma mafi kyawun waɗanda sunka ratsa hannuna daga dila sunka fito.

Kuma mu nan muna da wata sa'a da mutanen Legas ba su da ita. Garinmu garin shadda ne da babbar riga, masu neman kwat kaɗan ne, lauyoyi da ma'aikatan banki sai ango mai son hoto, to in an fasa dila samari jins da rigunan ƙwallo suke wawa, kwat sai ta yi sati rataye tana shan ƙura. Mai gwanjo kuma da sunan da ya sani yake sa kuɗi. In ya ga Gucci ko Nike zai tsuga maka, alhali da yawansu jabu ne, amma Canali ko Corneliani ko Brioni na Italiya sai ya haɗa su kuɗi ɗaya da sauran don bai taɓa jin sunan ba. Nan ribarka take.

Kumburin da ka gani ga taka gam ne. Kwat mai arha manna yadin gaba ake yi da wani ƙyalle na ciki, zafin guga da zufa su ɗaga gam ɗin sai ta yi ƙuraje kamar bayan kwaɗo, kuma ba tela da zai iya gyara wannan, ko ni. Mai tsada ɗinke ƙyallen cikin ake yi, galibi da gashin doki a saƙarsa. Yadda zaka gane, ka kama gaban kwat ƙasa da maɓallin ƙarshe, hannu ɗaya ya tsunkuli yadin waje ɗaya ya tsunkuli shafin ciki ka ja su a hankali, in ka ji wani ƙyalle na uku yana yawo tsakani shi kaɗai to ɗinkakka ce, riƙe ta kada ka aje. In ka ji gaban ya yi kauri ya sandare kamar kwali, mannanniya ce. Wannan gwajin ya fi mani duk wani suna da ke wuya, don lebul yaro ma zai iya ɗinka shi amma ba wanda zai ɓata kwanaki yana aikin hannu cikin jabu.

Sannan ka zura hannu aljihun ciki, nan ƙaramin lebul yake mai faɗin irin yadi. Ulu kake nema. Na Ingila zaka ga wool, na Italiya lana, na Faransa laine, na Jamus Schurwolle. In ka ga polyester ya yi yawa bar ta, cikin watan Afrilu da zafinmu ke wuce digiri 40 kamar ka shiga leda ne. Wani lokaci akwai lebul na biyu na masaƙar da ta yi yadin, irin su Loro Piana ko Ermenegildo Zegna ko Vitale Barberis Canonico, wannan alama ce mai kyau ƙwarai ko da sunan wanda ya ɗinka baƙo ne gare ka. Lambar nan ta Super 100's ko 120's ko 150's laushin zaren take nufi, kuma kada babbar lamba ta ruɗe ka, mai 150 ta fi saurin cinyewa, mai zuwa ofis kullum kan kabu-kabu 100 zuwa 120 ta ishe shi. Ka damƙe hannun kwat ɗin ka saki, ulu na gari da kansa yake miƙewa.

Abin da nake yawan faɗa da samari a kai shi ne kafaɗa. Ciki ina iya rage shi, hannu ina iya gajarta shi, wando ba matsala, amma kafaɗa in ta yi maka faɗi ta yi, sai an warware kwat ɗin gaba ɗaya. Saboda haka saka ta nan gaban mai kaya ba kunya. Lambar Italiya ka cire 10 ka samu ta Ingila, wato 50 ita ce 40. Ka ɗaga ta ga rana ka duba hudar asu, ka duba hammata da bayan kwala, ka duba tsakanin cinyoyin wando don nan yake fara mutuwa, in gindin wando yana ƙyalli to ya gama aiki. Kuma ka tabbata wandon nata ne, ana haɗa baƙi da baƙi cikin inuwar rumfa sai ka fito rana ka ga kala biyu.

Shat ba wuya, auduga zalla, kwala da bakin hannu ba su cinye ba, shi ke nan.

Takalmi kam kai Basakkwace ne, garin jima da dukawa, bai kamata a cuce ka da roba ba. Fata ta gaske tana da ƙananan ramukan gashi, in ka lanƙwasa ta tana yin tamoji ƙanana ba ta ɓarewa. Juya shi ka dubi ƙasa, na yankin Northampton ta Ingila irin su Church's, Loake da Crockett & Jones ɗinke tafin ake yi da wata tsirin fata da ta kewaye takalmin, zaka ga ɗinkin gefe, ma'ana ko tafin ya cinye shumeka zai sauya maka sabo saman yana nan. Wanda samansa ya tsage kuwa ko kyauta ne kada ka ɗauka. Lamba 8 ta Ingila ita ce kusan 42.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce rabin aikin. Kayan nan da yawansu daga Turai da Amurka suke, suna sauka Kwatano da Lome kafin su hauro, wasu 'yan kasuwarmu kuma Ƙofar Wambai ta Kano suke sarowa, kuma kowace dila zaɓen farko shi ne mai kyau. Ka shiga kasuwa ka nemi mai sayar da kayan maza guda ɗaya ka riƙe shi, kuna gaisawa, ka ba shi awonka, ka ce ranar da zai fasa dila ya kira ka ko ya turo hoto ta WhatsApp, ka je da sassafe kafin masu shagunan cikin gari su kwashe su wanke su goge su ninka kuɗin. Gwara ka nema lokacin bazara, da hunturu ya shigo kowa neman abin rufa jiki yake sai kuɗi ya hau. Wajen ciniki ka taya da mutunci, in ya ce albarka ka ƙara kaɗan, kuma ranar da ka samu babbar tsintuwa ka ɗan kyautata mashi, gobe kai zai fara tunawa.

In ka kai gida kada ka jiƙa kwat a bokiti da omo, ƙyallen cikin zai tsuke ta karkace. Shanya ta inuwa kwana biyu warin dila ya fita, sannan ka kai masu dirai kilin, mai guga kuma ka ce ya shimfiɗa farin ƙyalle mai ɗan laima kafin ya ɗora dutse. Ka fara da shuɗi mai duhu guda da ruwan toka guda kana hutar da su, in ka samo kawo mu duba kafaɗar tare.