Waye ke shugabancin Sinn Féin tun farko zuwa yanzu?

Malam, ka tambaya ko Gerry Adams ne ya kafa jam'iyyar Sinn Féin ta kasar Ireland. A'a, Arthur Griffith ne a 1905, Éamon de Valera ya karbi shugabancinta a 1917. Inda mutane ke rikicewa shi ne 1970, lokacin da jam'iyyar ta dare gida biyu, Ruairí Ó Brádaigh ya ja bangaren da ya zama Sinn Féin din yau, shi Adams sai 1983 ya hau kuma ya dade sosai har 2018 kafin ya mika wa Mary Lou McDonald. Kar ka dauka Michelle O'Neill ce shugaba, mataimakiya ce. In aikin makaranta kake yi, nemi malamin tarihi ya warware maka rikicin 1970 din, akwai sarkakiya.