Fatawa: Zuwa sauraron kiɗan orkestra a Biyana, da cin abincin mai goge

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ɗalibi ne ina digiri na uku a Biyana ta ƙasar Ostiriya. Farfesan da ke duba aikina ya saya mana tikiti mu duka 'yan sashen zuwa Musikverein, babban ɗakin kiɗan nan nasu, za a yi kiɗan Mozart da Beethoven. Malam kiɗan nan fa ba waƙa a ciki, ba rawa ba tsiraici, kowa ya sa kwat ya zauna tsit ko tari ba a son ka yi. Ya halatta in je? Na biyu, akwai wani Baturke da muke sallar Juma'a tare, goge yake yi a wata ƙungiyar makaɗa kuma da shi yake ci da iyalinsa, yana yawan kirana cin abinci gidansa. In ci ko in ƙi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana Allah ya ba da sa'ar karatu ya dawo mana da kai lafiya.

Na ga inda ka fi jingina, wato cewa ba waƙa a ciki. Toh nan ne ya kamata mu fara, domin saɓanin malamai iri biyu ne kuma mutane suna cakuɗa su. Akwai magana kan waƙa da baki, wannan kalmominta ake dubawa, mai kyau mai kyau ce mummuna mummuna ce. Akwai kuma magana kan kayan kiɗan su kansu, abin da Larabawa ke kira ma'azif, goge da sarewa da algaita da danginsu. Orkestra kuwa ai ma'azif ce zalla, mutum saba'in ko tamanin ko fiye, mafi yawansu masu tsirkiya ne manya da ƙanana, sai masu busa sai masu ganga a baya. Kaga rashin waƙar bai fitar da kai daga mas'alar ba, tsakiyarta ma ya kai ka.

Jumhur, wato mafi rinjayen malamai, har da mazhabobin nan huɗu a mashhurin zancensu, sun tafi kan haramci, in ka cire duffi a biki da idi. Babbar hujjarsu hadisin da ke cikin Bukhari a babin abubuwan sha, Annabi (SAW) ya ce za a samu wasu mutane cikin al'ummata da za su halatta zina da alharini da giya da ma'azif. Suka ce ba a cewa mutum ya halatta abu sai in dama haramun ne. Sai aya ta 6 a Suratu Luƙman, lahwal hadisi, wato zance mai shagaltarwa, wadda Ibn Mas'ud ya rantse cewa waƙa ake nufi. Mu nan da muka tashi da Risala ma ka san Ibn Abi Zaid ya faɗa ƙarara cewa bai halatta ka yi nufin sauraron kayan wasa da waƙa ba.

Amma wallahi ba zan ɓoye maka ɗaya ɓangaren ba don amanar ilimi ce. Ibn Hazm na Andalus ya ce babu wani abu ingantacce da ya haramta, ya soki hadisin Bukharin da cewa isnadinsa, wato jerin masu ruwayarsa, a yanke yake tsakanin Bukhari da Hisham bn Ammar, duk da Ibnus Salah da Ibn Hajar sun mayar masa da martani kuma a ganina martanin ya zauna daram, don Hisham malamin Bukhari ne kuma an kawo hadisin a sadar ta wasu hanyoyi. Shaukani ya kawo saɓanin da faɗi har ya ambaci wasu mutanen Madina da suka sassauta. A zamaninmu Shehu Mahmud Shaltut wanda ya shugabanci Azhar daga 1958 zuwa 1963 ya halatta in ba a haɗa da saɓo ba, haka Shehu Ƙardawi. Su suna cewa an jera ma'azif ne da giya da zina saboda majalisin da ake haɗa su, ba don sautin ba.

Wasu suna jawo Imam Gazali wai ya halatta, a yi hattara. Ya halatta sauraro da sharuɗɗa, eh, amma da bakinsa ya ware masu tsirkiya da na busa saboda alamar mashaya ne. Masu sassautawa na yau su ce ai illar ta gushe tunda wannan zama ba na mashaya ba ne, kuma gaskiya wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da ke gefenka, sai dai ni ba ta kai ta ture lafazin hadisin a wajena ba.

Don haka fatawata kar ka je. Zuwa da tikiti a zauna awa biyu sauraro ne da gangan, ba ɗaya yake da kiɗan da ke shiga kunnenka a kanti ko tashar jirgin ƙasa ba, wannan babu komai a kanka. Farfesa kuma ka same shi tun da wuri ka yi godiya sosai, ka ce addininka ne ya hana, ka mayar da tikitin ya ba wani don kuɗi ne ya kashe, in da hali ka gayyace shi shayi ko ka dafa masa abincin gida. Kar ka yi ƙaryar ciwo, wata shekarar ma zai sake saya.

In kuma ka zauna ka duba hujjoji tsakaninka da Allah ka natsu da maganar su Shaltut, ba don son rai ba, ni ba zan kira ka fasiƙi ba, amma ko su da suka halatta ba su halatta komai ba. Duba takardar shirin kafin ka shiga. Da yawan abin da ake yi a irin wannan ɗaki asalinsa na coci ne, Mass da Requiem da Passion, ƙungiyar mawaƙa na rera Triniti, wato aƙidar Allah uku cikin ɗaya, da gicciye Annabi Isa (AS) da Latin ko Jamusanci, rashin jin yaren ba uzuri ba ne, wannan kam babu saɓani a bar shi. Lokacin hutun tsakiya ana sayar da giya a harabar, kar ka tsaya a teburin da ake shanta, hadisi ya hana. Sannan sallah, yawanci bakwai da rabi na yamma suke farawa, da hunturu ka riga ka yi magariba tun wajen ƙarfe huɗu amma da bazara tana faɗowa kana tsakiyar kujeru ba damar fita.

Sai abokinka. A wajen jumhur ladan kaɗa ma'azif ba halal ba ne, tunda abin da aka haramta amfaninsa an haramta karɓar kuɗi a kansa, a wajen masu halattawa kuwa sana'a ce kamar kowace. Shi wataƙila fatawar malaman ƙasarsu yake bi, kuma mutum ne mai zuwa Juma'a a garin da barin ta ba wuya. Ka ci abincinsa. An tambayi Ibn Mas'ud game da maƙwabci mai cin riba da ke kiran mutum cin abinci, ya ce daɗin naka ne zunubin nasa, ga riba kenan wadda ba a yi saɓani a kanta ba balle wannan. Annabi (SAW) ma ya ci abincin Yahudawa. In ya tambaye ka ra'ayinka faɗa masa gaskiya cikin ladabi ku biyu, ba a gaban matarsa da 'ya'yansa ba, in kuma ya fara tunanin canza sana'a ka taya shi nema kafin ka ce ya ajiye gogen, don haya da cefane ba sa jira.

Wallahu a'alam.