Ku Tambaya Mu Amsa: Aikin gurup kan dabbobin dutse

Tambaya: Salam Anti, ni ɗaliba ce 'yar aji biyu a babbar sakandare. Malamin bayoloji ya raba mu gurup gurup, mu shida, wai mu yo bincike kan dabbobin da ke rayuwa a kan tsaunuka cikin sati uku. Wallahi ni kaɗai nake wahala, sauran kowa ya kwafo abu daga intanet ya turo min a WhatsApp, wani ma damisar ƙanƙara ya kawo. Dan Allah ya zan yi? Daga wata ɗaliba a Bauchi.

Amsa: Wa alaikissalam ƙanwata. Damisar ƙanƙara kuma? Ita da ke can tsaunukan Himalaya, ku da ko ƙanƙarar firij sai an kawo wuta kuke gani. Ba laifi bane a karanta ta, amma ga Dutsen Chappal Waddi nan a Taraba, mita 2,419, babu tsaunin da ya kai shi tsawo a Najeriya, yana cikin gandun dajin Gashaka-Gumti wanda aka kafa a 1991, kuma akwai birin cimfanzi a wajen. Mutum biyu su ɗauki wannan, su nemo dalilin da yasa saman tudun Mambila da ke wannan yankin na Taraba ke da sanyi (duk mita dubu da aka hau zafi na sauka da kusan digiri 6 da rabi) da yadda hakan ya shafi abin da ke zaune can.

Amma ni da nice ke, rema zan sa a gaba. Kin dai san ta, 'yar dabbar nan mai kama da gafiya marar wutsiya da ke ɓuya a kogon dutse, to masana sun ce da giwa take dangi ba da ɓera ba, haƙoranta biyu na sama ma kamar ƙananan haure suke, tafin ƙafarta kuma taushi gare shi da ɗan danshi shi yasa take hawa santsin dutse ko a jikinta. Jikinta bai iya riƙe ɗumi sosai ba, dan haka da sassafe za ki gan su sun baje kan falalen dutse suna shan hantsi, ɗaya na gadi, da ta hango gaggafa sai ta yi ƙara kowa ya faɗa rami. Ko baku ga remar ba ku duba bakin kogo, akwai farin tabon fitsarinsu a jikin dutse da tarin kashi wuri guda.

Ku tambayi wani tsohon mafarauci dutsen da ake samun su, ku je da malami ko babba, kar wanda ya zura hannu a rami saboda maciji. Ɗaya ya riƙe agogo da littafi, ɗaya hoto da waya.

Maganar masu kwafe kuwa, ki daina karɓa. Ki rubuta sunan kowa da aikinsa a takarda ɗaya, ku sa hannu, ki kai wa malam tun wannan satin, ki roƙe shi ranar gabatarwa kowa ya tashi ya yi bayanin nasa da bakinsa. Mai damisar nan a bashi hira da mafaraucin.