Amsa ga ƴar'uwar da aka riƙe wa babi na ɗaya

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Wallahi da na karanta tambayarki sai da na ajiye wayar na yi shiru, kamar labarina kika rubuta. Kin ce kin gama kwas wok (darussan aji) na karatun gaba da digiri, babi na ɗaya na bincikenki ya yi wata biyar a teburin sufabaiza (malamin da ke duba aikin), kina so ki fara tattara bayanai kafin difens ɗin furofozal (zaman kare tsarin binciken a gaban malamai). Don girman Allah kada ki yi. Ni na yi, na kuma ɗanɗana kuɗata.

Nawa malamin a bakin motarsa na tare shi, yana riƙe da makulli ya ce min, "Ci gaba kawai Hajiya, ba matsala." Da wannan maganar na buga takardun tambayoyi 250, na bi makarantun firamare daga Tudun Wada zuwa Kawo har Rigasa, a Keke Napep, ga azumi ga goyo. Ranar difens wani farfesa ya ce aikin ya yi faɗi, ƙananan hukumomi uku ne wannan, Kaduna ta Kudu, Kaduna ta Arewa da Igabi, a tsaya a ɗaya, a kuma sauya biyu daga tambayoyin binciken. Bakina na rawa na ce ai na riga na tattara. Ɗakin ya yi tsit. Aka juya ga malamina. Ya cire tabarau, ya goge da bakin babbar rigarsa, ya ce shi bai san da wannan zance ba. Bai sani ba! Mutumin da na kai wa samfurin takardar har ofis, ya karɓa da hannunsa. Ko kallona bai yi ba. Na fito na zauna a kan matakalar bene ina kuka, wata mai shara ce ta ba ni ruwa. Har yau takardun suna cikin buhu a ƙarƙashin gadona, na kasa zubarwa. Na yafe, amma idan na tuna zuciyata tafasa take.

Saboda haka duk abin da malaminki ya faɗa miki, ki samu a rubuce. Kun gama magana, ki tura masa saƙo cikin ladabi: Malam, ga abin da na fahimta, haka ne? Shafin da ya yi wa jan biro ki ɗauki hotonsa.

Jiran nan kuma ba zama za ki yi ba. Babi na biyu ba ya buƙatar izinin kowa, ki yi ta karatu. In aikinki ya shafi tarihi ko mulki, ga Arewa House, cibiyar binciken tarihi, ga Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa duk a cikin garin nan na Kaduna. Ki riƙa shiga difens ɗin wasu, na furofozal da na cikin gida, a nan za ki ji inda ake kama mutane tun kafin a kai ga mai jarrabawa na waje.

Af, ki sabunta rajistarki kowace shekarar karatu ko da aikin a tsaye yake. Mu yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya same mu, daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas cur, wasu cikinmu daga nan ba su dawo ba. Wata ƙawata kuma kwamfutarta ta mutu da babi uku a ciki, don haka ki tura wa kanki komai ta imel. Ki kuma zaunar da maigida ki yi masa bayani, don nawa sai da ya fara cewa wannan karatu ba ya ƙarewa ne?

Batun wata biyar ɗin, kada ki kai ƙara tukuna, ke zai shafa. Ki sake buga kwafi, ki je ofishinsa da sassafe ranar da yake da darasi. In aka ƙara wata guda shiru, ki samu kodinetan karatun gaba da digiri ki ce shawara kika zo nema, ki tafi da kwanan watan da kika miƙa aikin.