Amsoshin Tambayoyinku: Me Littafin Mugaye Yake Ƙara wa Wasan Kan Tebur?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da abokaina huɗu muna haɗuwa duk ƙarshen mako muna wasan labari na kan tebur, irin wanda kowa yake ɗaukar matsayin jarumi guda a cikin duniyar jiragen sararin samaniya, ni kuma nake jan ragamar labarin. Na ga ana sayar da littattafan ƙari waɗanda babu komai a cikinsu sai bayanin mugaye da abokan gaba. Shin suna da amfanin da zai sa in kashe kuɗina, alhali kuwa zan iya ƙirƙiro mugun da kaina? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in ɗan yi wa sauran masu karatu shimfiɗa. Wannan nau'in wasa ya samo asali ne a Amurka a shekarar 1974, lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons. Mutum ɗaya yana ba da labari, sauran suna faɗin abin da jarumansu za su yi, sannan a jefa dayis irin na ludo don a san ko abin ya yiwu ko bai yiwu ba. A 1977 Marc Miller ya fito da Traveller, wanda ya kai wasan cikin taurari, kuma tun daga wancan zamani kamfanoni suke buga ƙananan littattafai na ƙari a kan ainihin littafin dokoki.

Littattafan mugaye kashi biyu ne, kuma a ganina kashi ɗaya ne kawai ya cancanci kuɗinka. Na farko jerin sunaye ne da lambobi: wane ɗan fashin sararin samaniya ne, ƙarfinsa kaza, bindigarsa kaza. Irin wannan yana rage wa mai jan ragama wahala a daren da bai shirya ba, amma kai da kake da abokai huɗu da ka san halinsu za ka iya rubuta makamancinsa a takarda guda.

Kashi na biyu shi ne wanda yake buɗe maka cikin gidan mugun, ka ga wanda yake ba shi umarni, da inda kuɗinsa suke fitowa, da wanda yake tsoro, da dalilin da ya sa yake ganin shi ne mai gaskiya. Misalin da na fi ƙauna shi ne Imperial Sourcebook, wanda Greg Gorden ya rubuta, kamfanin West End Games ya buga a 1989 domin wasansa na Star Wars da ya fito a 1987. A cikin finafinan, Daular zalunci ba ta wuce sojoji masu farin sulke da manyan jirage ba. Littafin ya zo ya zayyana ta a matsayin gwamnati mai ofisoshi da muƙamai, da gwamnonin yankuna, da tsarin rundunoni daga ƙaramar ƙungiya har zuwa babbar runduna, da hukumomin leƙen asiri guda biyu waɗanda ba sa ga maciji da juna. Wannan gaba ta cikin gida ita ce dukiyar mai jan ragama, domin da zarar ka san cewa jami'in wannan hukuma zai fi son fursuna ya kuɓuce da a ce kishiyar hukumarsa ce ta sami yabon kama shi, to ka sami labarin da za ku yi wata guda kuna bugawa, kuma 'yan wasanka sun sami ƙofar da za su bi da wayo maimakon harbi. Aikin ya yi nauyin da har aka aika wa marubuci Timothy Zahn littattafan wannan kamfani lokacin da yake rubuta littafinsa na Star Wars da ya fito a 1991, sannan hukumar tsaron Daula da ake kira ISB, wadda ta fara bayyana a littattafan wasan, ita ce ta zama ginshiƙin shirin talabijin na Andor a 2022.

Traveller ma ya yi abin da ya fi wannan zurfi da al'ummar Zhodani. An daɗe ana nuna su a matsayin abokan gabar babbar daular da ke cikin wasan Traveller, masu karanta abin da ke zuciyar wani, masu 'yan sandan da suke bibiyar tunani. Da littafinsu na musamman ya fito a 1985, sai aka ba da labarin daga bakinsu: a wurinsu ƙasarsu ce ƙasar da ƙarya da sata suka yi ƙaranci, wanda yake cikin ƙunci ana ɗaukarsa mara lafiya ne da za a yi wa magani, kuma maƙwabtansu da suke ɓoye abin da ke ransu su ne abin tsoro. Mai karatu ba zai yarda da su ba, ni ma ban yarda ba, amma daga ranar ba za ka sake jan ragamar jami'in Zhodani kamar wani dodon tatsuniya ba. Masu kallon fim a wajenmu suna ce wa mugu bos, kuma kowa ya san fim ɗin da bos ɗinsa ba shi da dalili ba ya zama a rai.

Saboda haka kafin ka biya, ka duba jerin babi-babin littafin, wanda shagunan intanet irin su DriveThruRPG kan nuna tare da wasu shafuka kyauta. Idan ka ga yawancinsa makamai ne da lambobi, ka riƙe kuɗinka. Idan ka ga tsarin shugabanci da rikicin cikin gida da shawarar yadda mugun zai mayar da martani idan an taɓa shi, ka saya, ko da dokokinsa ba na wasan da kuke yi ba ne, tunda lambobi ana iya sauya su cikin sauƙi.

Tambaya: Ƙanena yana irin wannan wasa, kuma na ji yana cewa akwai littattafan da suke bari mutum ya zama shi ne mugun. Hankalina bai kwanta ba. Daga wata 'yar'uwa a Maraɗi.

Amsa: Damuwarki tana kan hanya, 'yar'uwa, kuma gaskiya ne akwai su. Kamfanin FASA ya fitar da littafin Klingon a 1983, wanda John M. Ford ya jagoranci rubuta shi, ya ba 'yan wasan Star Trek damar zama abokan gabar jaruman shirin. A 2011 kuma Fantasy Flight Games ya buga Black Crusade, inda 'yan wasa suke zama mabiya rundunar ɓarna a duniyar Warhammer 40,000. Wannan na biyun yana cike da zubar da jini da bautar miyagun halittu, kuma ba zan ba yaro shi ba, ko babba ma sai wanda ya san abin da zai tarar a ciki.

Sai dai su kansu masu tsara wasannin sun yi tunani a kan wannan. A wasan Star Wars na West End Games, duk jarumin da ya yi amfani da ƙarfinsa wajen mugunta ana rubuta masa maki na duhu, kuma idan makin ya rinjaye shi, ana karɓe jarumin daga hannun ɗan wasan ya koma hannun mai jan ragama, wato ya zama abokin gabar abokansa na jiya. Shawarata ita ce ki tambayi ƙanenki sunan littafin da suke amfani da shi, ki duba shekarun da aka rubuta a bangonsa idan akwai, sannan ki nemi ki zauna da su dare ɗaya ki saurara. Wasan da baki ake yin sa a gaban kowa, don haka cikin sa'a guda za ki ji irin labarin da suke bayarwa da irin wanda yake jan ragamarsa.