Amsa ga ƙanwata mai son zuwa Jamus koyon tausar tantanin tsoka

Ƙanwata, saƙonki ya iso. Kin ce kin ga tallan wani kwas na mako biyu a kan tausa mai zurfi, wadda ake danna tantanin da ke lulluɓe da tsoka, kina tambaya ko takardarsa za ta samo miki biza da aiki a nan Jamus. Ba za ta samo miki ko ɗaya ba. Kada ki tura musu sisi tukuna.

Shi tantanin kin san shi. Farar fatar nan ce mai sheƙi da kike ɓarewa daga jikin naman layya, wadda wuƙa ke zamewa a kanta. A jikin mutum ta naɗe kowace tsoka, ta haɗa wannan da waccan tun daga tafin ƙafa har ƙeya. Wadda ta fito da aiki a kansa fili wata Ba'amurkiya ce, Ida Rolf, da ta yi digirin digirgir a Jami'ar Kolombiya a 1920. A 1971 aka kafa makarantarta a garin Bolda na jihar Kolorado, kuma ƙungiyar masu bin hanyarta a Turai tana nan Munik. Tsarinta, Rolfing, zama goma ne, kowane zama da ɓangaren jikin da ake bi. Koyonsa kuwa hawa-hawa ake yi, ana haɗawa da ilimin sassan jiki da aiki a gaban malami, ya fi ƙarfin mako biyu nesa ba kusa ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne doka. A ƙasar nan, taɓa mutum da sunan yi masa magani sai likita, ko wanda ya ci jarrabawar Heilpraktiker, wato izinin yin magani ga wanda ba likita ba, a ofishin lafiya na gunduma (dokar tun 1939 take), ko irinmu masu fisiyo, wato masu gashi da motsa gaɓoɓi a asibiti, da ke aiki da takardar da likita ya rubuto. Mai takardar kwas kaɗai tausar hutu aka yarda ya yi. Ranar da ya rubuta a allonsa cewa yana warkar da ciwon baya, ya janyo wa kansa. Inshorar lafiya ta gwamnati ma ba ta saba biyan kuɗin Rolfing ba, daga aljihu ake biya, don haka masu zuwa masu abin hannu ne, kuma ba sa miƙa bayansu ga baƙuwar da ba ta iya tambayarsu ina ke ciwo ba.

Hanyar da na sani biyu ce. Ko ki yi fisiyo a gida, BUK na da sashen, ga asibitin ƙashi na Dala da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano inda hannu zai faɗa, ki yi rajista da MRTB, hukumar da ke ba masu fisiyo lasisi a Najeriya, sannan ki nemi a amince da takardunki a nan tare da shaidar iya Jamusanci matakin B2, wato sama da matsakaici. Ko kuma ki nemi gurbin Ausbildung, wato koyon sana'ar fisiyo a nan Jamus, shekara 3, wanda jihohi da yawa sun soke masa kuɗin makaranta. Bayan haka kwasa-kwasan tantanin sai wanda kika zaɓa, har da na gidan Stecco na Italiya da masu fisiyo ke yawan yi. Ni ta farkon na fi so miki, don ko tafiyar ba ta yiwu ba sana'arki na hannunki.

Kada kuma ki haɗiye duk abin da masu talla ke faɗa, wai hannu na narkar da tantani ya miƙar da shi. Tantanin gefen cinya ya fi ƙarfin yatsun kowa. Robert Schleip, wanda shi kansa mai Rolfing ne kuma ya yi bincike a Jami'ar Ulm, ya rubuta tun 2003 cewa sakin da muke ji a ƙarƙashin hannu ya fi alaƙa da jijiyoyin da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. Mutane na samun sauƙi, ina gani da idona: direban babbar mota ya shigo wuya a sandare, in ɗora gwiwar hannu a kafaɗarsa in jira ba gaggawa, sai numfashinsa ya sauka, ya tashi yana waiwaye. Amma sauƙi daban, warkar da kowace cuta daban.

Sai maganar da ba ki tambaya ba. A aji ɗalibai a jikin juna suke koyo, maza da mata, da 'yan guntayen kaya. A wurin aiki ma ba ke ke zaɓar wanda zai hau gado ba, sai in kin dace da wajen mata zalla, ko kin buɗe naki. Akwai matan Turkawa da Larabawa da ke neman mace ta duba su, kasuwa ce babba, amma kafin ki kai can sai kin ratsa ta ajin nan. Ki zauna da Umma da Abba a yi wannan magana tun yanzu, kada sai an sayar da fili.

Ki turo min sakamakonki na WAEC in ga yadda bayoloji da kemistiri suka tsaya. Ki gaishe min da Umma, ki tambaye ta ya ƙafar tata.