Laftop mai inci 18 za ta iya maye min gurbin desktop?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni aikina zanen gine-gine ne da AutoCAD da Revit, wani lokaci kuma ina haɗa bidiyo. Desktop ɗina ta tsufa, ina so in sayi irin manyan laftop ɗin nan masu inci 18 in huta da ita gaba ɗaya. Don Allah ka taɓa amfani da irinsu? Ya ka gan su? Daga wani mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kwanan nan aka kawo min wata sabuwa dal in saita ta, inci 18, firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) Core i9 na jerin HX masu ƙarfi da katin hoto (mai sarrafa zane da bidiyo) RTX 4090, to abin da zan faɗa maka ganin farko ne, ban daɗe da ita ba.

Abin da ya fara dukana nauyi ne wallahi. Irin waɗannan, ka ɗauki Alienware m18 da ta fito 2023, ta kai kilo 4, MSI Titan 18 HX ta 2024 kuma wajen kilo 3.6, kuma wannan fa banda caja, cajar ita kanta kamar rabin bulo take, ta m18 wat 330 ce ta Titan wat 400, alhali laftop ɗin ofis da wat 65 take rayuwarta. Jakar baya ta inci 15 ma ba ta ɗaukarta sai ka nemo tata daban.

Amma da na buɗe ta na ga allon sai na gane dalilin da mutane ke haƙura da nauyin. Faɗi ne sosai, tsarin 16:10 (awon faɗi da tsayinsa), ka buɗe zane a gefe ɗaya ka buɗe lissafin kayan gini a ɗaya gefen ba tare da kana ta matse ido ba, ga kibod cikakke har da ɓangaren lambobi wanda ku masu shigar da awo kun san amfaninsa. Ramukan haɗi ma sun wadata, HDMI da na wayar intanet da USB da yawa, wasu a baya aka sa su don kada wayoyi su cika maka tebur. Sauri kam babu magana, bidiyon 4K na gwada fitarwa ta cinye shi cikin ɗan lokaci.

Sai dai akwai abin da masu sayarwa ba sa faɗa kuma yana damuna: RTX 4090 na laftop ba shi ne na desktop ba duk da sunan ɗaya ne. Na desktop yana da ma'ajiya gig 24 yana jan wat 450, na laftop gig 16 ne kuma iyakarsa wat 175, asalin cif ɗinsa ma irin na 4080 na desktop ne. Yana da ƙarfi ƙwarai, amma kada a karɓi kuɗinka a kan wancan.

Fanka kuma in aiki ya yi nauyi za ka ji ta, har na ɗaki na kusa zai ji, haka ajin yake don zafin nan dole ya fita. A garinmu ga zafin Afrilu ga ƙurar hunturu, dole ka ɗaga bayanta daga tebur, kada ta taɓa hawa katifa, kuma duk bayan 'yan watanni a buɗe a hure mata ƙura. RAM (ma'ajiyar aikin da ake ciki) da SSD (ma'ajiyar fayiloli) za ka iya ƙara mata, Titan ma ramukan RAM huɗu gare ta, amma firosesa da katin hoto a manne suke da bod, wato babban faifan cikinta, ba a canza su, in bod ya ƙone kuɗin gyaran kaɗai zai iya sayen wata kwamfutar.

Ra'ayina, in kana kai aiki wajen kwastoma ko kana raba mako tsakanin gida da ofis kuma kana da mota, saye ta, za ka ji daɗinta. In a tebur ɗaya za ta zauna shekara da shekaru, haɗa sabuwar desktop da kuɗin, za ka samu ƙarfi fiye da haka da sauƙin gyara.

TAMBAYA: Malam sola nake amfani da ita, batir ɗaya 200Ah, zai ɗauki irin wannan? Kuma batirinta awa nawa yake yi? Daga Maraɗi.

AMSA: Zai ɗauka amma ka yi lissafi. Batir 12V 200Ah wat-awa 2400 ke nan a takarda, in na ruwa ne rabi kawai ya kamata ka ci don ya daɗe, saura 1200, in tana jan wat 300 a aiki mai nauyi ka cire asarar inbata za ka samu awa uku da ɗan wani abu, kuma ba a sa fanka da fitilar gida ba. Rubutu da burauzin ba sa jan haka ko kusa. Batirinta na ciki ba ya wuce 99.9Wh (wat-awa) saboda ƙa'idar jiragen sama ta tsaya a 100Wh, a aiki mai nauyi awa ɗaya ne ko ɗan sama, kuma da ka zare caja take rage gudu da kanta. Amfaninsa babba shi ne in NEPA ta ɗauke kana tsakiyar aiki ba za ta mutu ba, ka adana aikinka a natse.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce a jami'a, yayana zai saya min laftop, in ce wannan babbar?

AMSA: A'a ƙanwata, kada ki ce ita. Ba za ki iya yawo da kilo 5, ita da cajarta, daga hostel zuwa lakca kullum ba, kuma soket ɗin aji ba kullum yake da wuta ba. Ki ce masa inci 14, RAM gig 16, SSD gig 512, wadda batirinta ke kai yini.